Tsohon da Ya Hana a Miƙe Mutane

Ranar da aka kai Kakana makwancinsa, gidanmu na Talata Mafara ya cika har kajin kakata Iya suka haye katanga don sun rasa wurin taka ƙasa. In na ce duk mai talabijin daga Mafara zuwa Bakura ya zo gaisuwa, Inna mahaifiyata za ta ce na fara ƙarin gishirin nawa. To, ku rage kaɗan. Abin da ya saura gaskiya ne.

Akwai wani bawan Allah daga Morai da bai ji labarin rasuwar ba. Ya iso da hantsi, dikoda a hammata, wayoyi na reto, ya rangaɗa sallama yana tambayar ko mai gyara na ciki. Sai ya ga tabarmi, ya ga mutane jugum. Ta ƙofar zaure nake leƙensa. Ya daɗe a tsaye, sannan ya cire takalmi ya zauna a gefe, ya ɗora dikodar a cinya kamar jariri. Bai tashi ba sai la'asar.

Gwaggo ta Maradun tun daga bakin titi muka jiyo kukanta, tsofaffi suka yi ta ce mata addu'a yake bukata. Maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya, wadda Kirista ce, ta shigo da abinci cike da kula, ta durƙusa gaban Iya, tana ta maimaita "Baba, Baba." Shi kuwa tsohon abokin Kakana mai gidan kallon ƙwallo, wanda muke kira Baban Bakura, can ƙarshen tabarma ya zauna, kansa a ƙasa. Sun daɗe ba sa magana da Kakana, kowa ya sani. Ana shafa fatiha ya tashi babur ɗinsa ya tafi.

Da liman ya ɗaga hannu ya ce, "Allah Ya faɗaɗa masa kabarinsa," jama'a suka amsa da amin, ni kuwa dariya ce ta taso mini. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana faɗa da duk wanda ya faɗaɗa abu, yau ga gari kaf ana roƙa masa faɗi. Na juya in gaya wa Kakana, don shi kaɗai zai gane. Sai na tuna ba ya nan. Dariyar ta koma kuka, Inna ta janye ni ɗaki.

Bayan sadakar uku, da baƙi suka fara raguwa, Iya ta kira ni. Iya ita ce kakata, matarsa. Ta shiga takaba, ba fita, ba ado, tana zaune bisa darduma da carbi.

"Ke Rediyo, taho nan ki zamna."

Rediyo suna ne da Kakana ya laƙaba mini, wai an kunna ni ranar suna an rasa madannin kashewa.

"In na ruhe ido," in ji Iya, "huskar asibiti nika gani. Ƙashi da idanu. Na yi, na yi, in tuno shi sa'adda shina da lahiya, ta ƙi zowa. Tun ina yarinya nike kallon huskar nan, ga shi ciwo ya ɗauke min ita tun kahin mutuwa."

Kakana ba shi da hoto. Guda ɗaya ne, na katin zaɓe, wanda ya fito kamar wanda aka kama da akuyar sata. Ba ya yarda a ɗauke shi da waya. Cewa yake yi yau ka ɗauke shi, gobe ka tura wa wani, jibi wani ya sa shi a allon da bai dace ba. "In na mutu ku miƙe ni kamar taliya, ko ku baje ni kamar waina. A'a, ɗiyata, ku bar ni yadda anka yi ni."

"Akwai kaset ɗin bidiyon sunanki," Iya ta ce. "Shina ciki. Ki nemo min shi."

Na ce, "Iya, ko ƙarƙashin ruwan dam ɗin Bakolori yake zan nemo shi."

Na samo kaset ɗin a zaure, cikin kwalin tsofaffin wayoyi. Amma kafin in faɗi yadda muka yi da shi, bari in gaya muku wane ne wannan tsoho, don ƙannena ƙanana sun fara tambaya ko ya tafi kasuwar Maradun ne, kuma ina tsoron ranar da za su daina tambaya.

A ƙuruciyarsa ya yi aiki a wata tashar da ke karɓo shirin talabijin daga nesa ta watsa wa garuruwa. Da ya bar aikin sai ya mai da zaurenmu wurin gyara. Zauren nan ba a shiga da sauri. Talabijin masu ƙeya jere har rufi, kamar tsofaffi a sahun masallaci, sai warin dalma, sai wayoyi masu kai uku, ja da fari da rawaya, rataye a kowace ƙusa. Da zamani ya juya, tashoshi suka koma sabon salo, hoto ya zama mai faɗi, mutanenmu kuwa ba su jefar da tsofaffin talabijin ɗinsu ba. Wa zai jefar da abin da ke aiki? Sai suka riƙa sayen dikoda da ƙananan akwatunan da ke juya sabon hoto ya shiga tsohuwar talabijin ta rawayar waya. A nan aikin Kakana na gaskiya ya fara.

Domin hoto mai faɗi in aka cusa shi a tsohon allo ba a saita ba, mutane kan fito dogaye sirara kamar karan dawa. Tsohon hoto kuma in aka sa shi a sabon allo mai faɗi, kowa ya zama buhun gyaɗa. Yawancin mutane ba su damu ba. Hoto dai na motsi, murya na fita, shi ke nan. Kakana kuwa kamar a zuba masa barkono a ido.

"Kowa da hwaɗin da Allah Yab ba shi," haka yake cewa. "Wa ya aike ka ka ƙara mishi? Wa ya aike ka ka rage?"

In ya shiga gidan mutane, ba ya karɓar ruwa sai ya karɓi rimot. Ana gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, ina dabbobi, shi idonsa na kan allo, bakinsa na amsa "lahiya lau," yatsansa na neman inda aka rubuta ma'aunin faɗin hoto, huɗu-da-uku da sha-shida-da-tara. Wata rana an gayyace shi ɗaurin aure, aka neme shi za a shafa fatiha, aka same shi a shagon aski na maƙwabta yana gyara wa mai karanta labarai kunnuwa. Inna ta ce wannan ƙari ne. Wallahi shagon askin gaskiya ne. Kunnuwan ne nawa.

Ni ya fi zaunarwa ya yi wa bayani, ba don na fi kowa hankali ba, sai don ni kaɗai ce ba na gudu. Wata rana da rana ya buɗe bayan wata talabijin ya murɗa wani abu, hoton ya sauko ƙasa, sai ga wasu fararen ɗigo-ɗigo suna rawa a can sama, inda ido ba ya kaiwa a da.

"Tsoho, tururuwa sun shiga!"

"Tururuwar gidanku. Wanga ɗan aike ne. Akwati shi ka aiko shi, shi raɗa ma talabijin a kunne, shi ce hoton nan mai hwaɗi ne, buɗe. Ko ko shi ce ba mai hwaɗi ba ne, bar shi. Talabijin mai biyayya ce, abin da anka ce mata shi taka yi. In ɗan aike yay yi ƙarya, ba laihinta ba ne."

"To wa ke sa shi ƙarya?"

"Mai gaggawa. Ya jona waya, ya ga hoto ya hito, ya tashi. Irinki."

Na ce in haka ne na fasa aurensa, ya je ya auri mai ƙeyar nan ta kusurwa. Ya ce ai ta fi ni, ita tana da madannin rage murya.

A zaman makoki wata tsohuwa daga Birnin Tudu ta ba mu wani labari da ni ma ban sani ba. Ɗanta yana neman kuɗi a ƙasar waje, ya aiko mata da faifan bidiyo yana gaishe ta. Aka sa mata a tsohuwar talabijin, sai ta ga yaron nan ya zama sanda, wuya kamar na zalɓe. Ta ce yunwa ke kashe mata ɗa yana ɓoye mata. Ta daina cin abinci sosai, wai da wane baki za ta ci. Labari ya kai kunnen Kakana ranar kasuwa. Lokacin an fara tsoron hanya saboda 'yan bindiga, amma ya hau babur ya tafi, ba wanda ya kira shi. Ya zauna ya danna abin da zai danna, baƙin layi ya fito sama da ƙasa, yaro ya cika a gabanta, kumatu suka dawo.

"Na ce mishi, Malam, don Allah ƙara mishi kaɗan," in ji tsohuwar, tana share ido da gefen zane. "Yac ce, a'a, iyakarshi ke nan. Sauran ki aika mishi da ƙuli-ƙuli. Kuma yac ce ba shi tashi sai na ci tuwo gabanshi."

Matan ɗaki suka yi dariya, sannan Gwaggo ta sake fashewa da kuka.

Baƙin layin nan shi ya raba shi da Baban Bakura. Tun suna samari suke tare, tare suka koyi riƙe ƙarfen dalma. Baban Bakura ya buɗe gidan kallo da manyan talabijin na da, ya kuma saita dikoda hoto ya cika allo dam. 'Yan wasa suka zama dogaye kamar giginya, ƙwallo ta zama ƙwan zabo a tsaye. Kakana ya yi magana, ya sake yi, abokin ya ce samari ba sa son baƙin layi, cewa suke an yanke musu kallo.

Ranar wani babban wasa Kakana ya je Bakura da wuri, kafin la'asar. Abokin ya fita sayen man inji, shi kuwa ya ɗauki rimot ya yi abin da ya saba. Da aka kunna, ƙwallo ta fito zagaye sumul, amma hoto ya tsuke, baƙi a sama baƙi a ƙasa. Samari suka tashi da ihu, wasu suka fice zuwa wani gidan kallon. Baban Bakura ya fusata, a gaban yara ya ce, "Wanga wurin cin abincina ne, ba makarantarka ba!" Kakana ya ce, "Kai kuma ɓata halittar Allah kaka yi kana sai da ma yara!" Abokin ya nuna masa ƙofa. Kakana ya fita.

Daga ranar sai gaisuwar fatar baki in sun haɗu a jana'iza. Amma duk ranar kasuwar Talata Kakana kan sa kujera ta biyu a ƙofar zaure, wai don baƙi. In na zauna a kai sai ya kore ni. Na sha ce masa, "Tsoho, kira shi mana." Sai ya ce, "Shi gyara ƙwallonshi tukuna."

Ciwon ya zo a hankali. Ya fara barin tuwo a kwano, riguna suka fara yi masa yawa. Da aka kwantar da shi a Gusau, Inna ta tafi da ni dubiya. Na shiga da shirin tsokana cike da baki, sai na ga mutumin da ke kan gadon, ƙashi da idanu. Ya ɗaga yatsa da ƙyar, na zaci ruwa yake so. Ashe talabijin ɗin da ke rataye a bangon ɗakin yake nuna mini. Mai karanta labarai ta baje, kanta kamar tulu. Na roƙi aron rimot, na hau kujera, na yi ta dannawa har matar ta koma mutum. Marasa lafiyar ɗakin ba wanda ya lura.

"Haka," ya ce.

Na sauko na fara ba shi labarin gida, wa ya yi faɗa da wa, akuyar wa ta haihu, ina yi ina ƙarawa don in ga ya yi murmushi. Ya yi, kaɗan. Sannan ya ce, "Rediyo, rage murya." Maganarsa ta ƙarshe gare ni ke nan. Na so a ce wata babba ce, wadda ake rubutawa a bango. Amma ita na samu, kuma ba zan musanya ta ba.

To, kaset.

Baffana na Gusau ya taho da babbar talabijin mai faɗin allo, filasma, ya kafa a ɗakin Iya, saboda idonta ya yi rauni, sai abu ya yi girma take gani. Muka ɗauko injin bidiyon Kakana da ɗaya daga akwatunansa, muka jona rawaya da rawaya, muka tura kaset. Da farko hoton ya fito fari da baƙi yana ta gudu sama. Baffa ya danna nan ya danna can, kala ta zo. Muka yi shewa. Sai ga matan suna sun cika allo, kowace ta yi faɗin ƙofar gari. Ga Gwaggo tana rawa kamar randa. Ga Inna riƙe da ni, ni kuma kamar kabewa a zane.

Na buɗe baki in yi dariya, Iya ta ɗaga hannu.

"Ku kashe."

"Iya, yanzu zai fito," in ji Baffa.

"Shi ya sa. Ku kashe tun bai hito ba. Ba ni son wata huskar ƙarya bisa wadda nike da ita. Ɗaya ta ishe ni."

Baffa ya danna tsayawa. Injin ya yi wani ƙara kamar akuya na tauna leda. Da muka zaro kaset, ga zare ya fito waje a cukurkuɗe. Baffa ya mayar da shi da bakin biro a hankali, gumi na zuba. Ya ce zaren ya tsufa, ya manne, in aka sake sa shi yadda muka yi, ƙarshensa ke nan. Iya ta juya ta fuskanci bango ta ci gaba da jan carbi.

Washegari da safe na ari wayar Inna na kira Baban Bakura. Na yi gaisuwa mai tsawo yadda aka koya mini, har da tambayar babur, sannan na faɗa masa komai.

Ya ce, "Ni? Ni da yac ce ina ɓata halittar Allah?"

"Ai shi ya sa, Baba. Wanda ya daɗe yana ɓatawa ya san inda ake dannawa."

"Ke ɗiyar nan ba ki da kunya. Bakinki irin nashi."

"Zaren sau ɗaya zai ƙara tafiya. In ya tsinke Iya ba ta gani ba, shi ke nan."

Sai na jiyo ƙarar tayar da babur.

Ya iso kafin azahar da nasa injin ɗaure a baya da roba. A nan wata matsala ta taso. Iya na takaba, namijin da ba muharraminta ba ba zai shiga ɗakinta ba, ita kuma ba za ta fito ba. Shi kuwa ya ce dole hannunsa ya kasance kan inji, don in zare ya fara kamawa ya san yadda zai lallaɓa shi. Sai ya zauna a zaure, kan kujerar Kakana ta aiki, ya ɗinke wayoyi ɗaya bayan ɗaya har suka yi tsawo. Muka ja su ta tsakar gida, ta gefen murhu, ta ƙarƙashin igiyar shanya, har ɗakin Iya. Ya jona wani ɗan akwati da zai kwashe hoton ya zuba a filashi, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa talabijin, yayin da kaset ke tafiya. Ya ce yadda aka saita yanzu, haka zai zauna har jikokina.

"To da me za mu gwada, Baba? Ka ce ba a taɓa kaset."

"Samo min faifai. Na ruhe tuwo, mai kyan zagaye. Da tsinken tsintsiya."

Ya jingina faifan da bango, ya ɗauko wata tsohuwar kyamara daga tarkacen Kakana ya saita ta a kan faifan, ya jona ta inda injin zai shiga. A ƙaramar talabijin ta zaure faifai ya fito zagaye. Ya ce wannan ba shaida ba ce, wannan tsohuwar talabijin ba ta sauraren ɗan aike. In ruga in duba ta ɗaki, in auna tsayin faifan da tsinke, in karya daidai nan, sannan in kwantar da tsinken in auna faɗi.

"A ina ka koyi wannan?"

"Haka kakanki ka yi tun muna samari," ya ce, bai dube ni ba. "Ke tahi."

Na ruga. A filasma faifai ya zama kwale-kwale. Na leƙo na ƙwala, "Ya yi faɗi! Tsinke bai kai ba!"

"Yanzu hwa?"

"Ya cika allo, amma an yanke masa kai da gindi!"

"Yanzu?"

"Ya zama sirit kamar ganyen mangwaro!"

"Ke, gaskiya ko ƙarin gishiri?"

"Wallahi, Baba, yau ba ƙari!"

Maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga su ga wa ake yankawa. Iya na zaune, ba ta dubi allo ba. Daga nan sai filasma ta yi ƙif, ta dawo. Baƙi ya tsaya dama da hagu kamar ƙyauren ƙofa, faifai a tsakiya. Na tsayar da tsinke, na kwantar da shi. Daidai. Na sake aunawa don in tabbatar.

"Ya zauna, Baba!"

"Akwai baƙi gehe da gehe?"

"Akwai!"

"Bar shi nan. Haka ya kamata."

Ya aiko ni in gaya wa Iya yana gaishe ta, yana mata gaisuwar rashi, kuma ta yi bisimilla zai tura. Iya ta ce a ce masa ta amsa, Allah Ya ba da lada. Ta gyara zama, ta matso har gwiwarta na taɓa teburin. Inna da Gwaggo da Baffa suka tsaya a bakin ƙofa.

Hoto ya zo da ɗan rawa, sannan ya tsaya. Ga matan suna, kowace da jikinta na gaskiya. Mai ɗaukar bidiyon nan, Allah Ya yafe masa, ya ƙaunaci abinci. Ya nuna tukunya, ya nuna masa, ya nuna wata mata tana suɗe hannu har na zaci ita aka yi wa suna. Daga zaure muna jiyo injin yana ɗan kuka, Baban Bakura na ce masa, "Sannu, sannu, yi haƙuri," kamar mai lallashin jaki a kan gada. Kowane layi da ya gilma a allo sai in ce shi ke nan.

Sai kyamara ta juya wajen zaure.

Ya fito yana gyara hula, cikin shuɗiyar riga, kafaɗa cike, kumatu cike, gemu bai gama fari ba. Tafiyar nan tasa ta mai sauri, kamar an bar wani abu a wuta. Ya hango kyamara ya ɗaure fuska, ya nufo ta da yatsa a miƙe.

"Kai, ja baya! Ka cika matsowa, kumbura min hanci za ka yi. Ja baya, na ce!"

Wani ya faɗi wata magana a gefe da ba mu ji ba. Kakana ya juya, ya so ya riƙe fushin, ya kasa. Ya fashe da dariya har ya dafa bango, idanunsa suka shige, wushiryarsa ta fito. Na manta yana da wushirya. Wallahi na manta.

Gwaggo ta toshe baki. Baffa ya fita tsakar gida.

Hoton ya karkace, ya yi fari, ya ɗauke. Daga zaure muka ji ƙas, sannan salati. Can sai muryar Baban Bakura ta taso, a dishe, ba irin wadda ya zo da ita ba.

"Zare ya tsinke! Amma ya kama! Ku ce mata ya shiga, ya kama!"

Na juya in gaya wa Iya. Idonta a rufe, carbi ya tsaya a hannunta, hawaye na bin kumatunta ba ta share ba. Ta daɗe a haka har tsoro ya kama ni. Na durƙusa kusa da ita, na rage murya iyakar yadda na iya.

"Iya, ya shiga filashi. In ce a sake sa miki?"

Ba ta buɗe ido ba.

"Bari tukuna," ta ce. "Kar ki motsa ni. Shina dariya."